Yelwar Yauri: Garin da Fito Ya Raina

Mu mutanen Wasagu ƙasarmu ta tudu ce da duwatsu, don haka yawancinmu ta bandar kifi muka fara sanin Yauri, tun kafin mu san ina take. Amma garin Yelwa, da ke bakin kogin Kwara a kudancin Jihar Kebbi, ya wuce kasuwar kifi.

Asalin masu ruwan Gungawa ne, waɗanda suke kiran kansu Reshe. A tsibiran tsakiyar kogi suka zauna, suna su, suna noman albasa da shinkafa, suna fito. Wannan fiton shi ne tushen arzikin ƙasar. Fataken goro da ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja dole su ƙetare Kwara da jakunansu, kuma Yauri na cikin manyan mashigai. Ayari ya iso kwata, a yi cinikin kuɗin fito, madugu ya kai gaisuwa fada, mai komi ya samu, mai masauki ya samu, mai tuwo ma haka. Masu lissafa Yauri cikin Banza Bakwai su suka san dalilinsu. Sarakunanta dai ba su kwana da yunwa ba.

Ta nan Bature Mungo Park ya wuce a jirginsa kafin ya halaka a gangaren duwatsun Busa wajajen 1806. A 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo neman takardunsa wurin Sarkin Yauri, suka koma hannu rabbana. A lokacin fada tana Bin Yauri. Sai da yaƙin basasa da hare-haren Kwantagora suka gajiyar da ƙasar, sannan Sarki Abdullahi Abarshi ya mai da ita Yelwa a 1888.

Waɗannan duwatsu na Busa su suka yanke wa Yelwa ƙauna da manyan jiragen Turawa. Jirgi mai hayaƙi ya taso daga Lakwaja, iyakarsa Jabba. Saboda haka Yelwa ta fuskanci arewa, kwale-kwalenta na hawa zuwa Illo da Gaya ta ƙasar Nijar, Sarkawan Kabi na gangarowa da tarunsu. Har yau in ka tsaya a kwata za ka ji Hausa da Gunganci da Zabarmanci suna cakuɗe.

Babban sauyi ya zo a 1968, da aka kammala madatsar Kainji. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya shanye tsohuwar Busa da tsibirai masu yawa. Aka kwashe dubban mutane zuwa sababbin ƙauyuka na bulo, wasu nesa da fadamun da suka gada. Lantarki ya tafi birane, Bagunge ya koyi noman tudu da tsufansa. Kifi kam ya yi yawa a shekarun farko, masunta suka kwararo daga ko'ina, har kamun ya fara ja baya.

Titin Kwantagora zuwa Sakkwato ya kwashe kayan da ruwa ke ɗauka a da. Amma mutanen ƙetare ba su da wata mota sai jirgi, kuma ranar kasuwa akan cika shi fiye da ƙima. A watan Mayun 2021 wani jirgi ya kife a kusa da Warra, ƙasar Ngaski, da mutum fiye da 100 a ciki, kuma kaɗan ne suka fita da rai.