Tarihin kwafar jerin haruffa a ƙwayar tsarin kwamfuta, da abin da ya shafi rubutun Hausa da Barbarci

Gabatarwa

A wannan ɗan nazari za mu bi diddigin wata matsala da ta daɗe tana addabar masu rubuta ƙwayar tsarin kwamfuta, wato zuba haruffa a mazubin da bai isa ya ɗauke su ba. Mutanen Difa sun san irin wannan a zahiri: in Komadugu ya cika ya batse, kamar a 2012 da 2019, gonakin tattasai na bakin gaɓa ne ke shan ɓarna. Haka rarar haruffa ke malala ta lalata abin da ke maƙwabtaka da mazubi a ƙwaƙwalwar inji.

Asalin matsalar

Dennis Ritchie ya ƙirƙiro harshen C a Bell Labs wajen 1972, aka sake rubuta ƙwayar Unix da shi a 1973. A wannan harshe jeri bai ɗauke da adadin tsawonsa, sifiri ake sa wa a ƙarshe ya zama alamar tsayawa. Umurnin strcpy yana kwafa har sai ya tarar da sifirin, ba ruwansa da girman mazubi. Shi kuwa strncpy, da ya zo cikin Unix na 7 a 1979, an yi shi ne don gurabe masu ƙayyadadden faɗi, irin sunayen fayil na oktet 14. In jeri ya cika gurbin, ba ya sa sifiri.

Ran 2 ga Nuwamba 1988 tsutsar Robert Morris ta nuna girman haɗarin. Ta aika wa shirin fingerd oktet 536 alhali mazubinsa 512 ne, rarar ta ba ta ikon sarrafa injin.

Neman magani

A 1998 Todd Miller da Theo de Raadt suka shigar da strlcpy cikin OpenBSD. Yana tsayawa a bakin mazubi, kuma yana rufe jeri da sifiri. Amma don ya faɗi tsawon jerin asali, dole ya karanta shi har ƙarshe, in kuwa babu sifiri sai ya zarce inda bai kamata ba. Saboda haka Linux ya karɓi strscpy a 2015, wanda ke da iyakar karatu, yana kuma sanar da kuskure in ya datse jeri. A 2024, cikin fitowa ta 6.8, aka kammala cire strlcpy daga ƙwayar Linux.

Haruffanmu

Wayoyin Android da ke hannun jama'a daga Maine Sorowa zuwa Ngigmi a kan wannan ƙwaya suke aiki. Duk umurnan da muka ambata oktet suke ƙirgawa, ba harafi ba. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, ɓ, ɗ, ƙ, ƴ na Hausa da ǝ na Barbarci kowanensu oktet 2 ne, kamar é na Faransanci. Kalmar «ƙoƙari» haruffa 6 ce, amma oktet 8, da sifiri 9. Wanda ya auna mazubi da yawan haruffa ya gaza da uku. Sunan fayil a Linux bai wuce oktet 255, sunan shirin da ke aiki kuwa 15. Ko strscpy na iya datsewa a tsakiyar ƙ, ya bar rabin harafin da ba ya karantuwa.

Kammalawa

Mun ga cewa kowane magani ya toshe wata kafa ya bar wata. Muna ba ɗalibanmu masu tattara kalmomi da sunaye a kwarin Komadugu shawara su auna gurabe da oktet, su ƙara gurbin sifiri, su duba ko an datse jeri, sannan su jarraba shirinsu da kalmomi masu ƙugiya kafin su damƙa masa kundinsu.