Yaƙin Jiragen Filafili a Tekun Italiya

A cikin shekarar 1528 Sarkin Faransa, Faransuwa na Farko, da Sarki Sharlis na Sifen suna jayayya a kan mulkin Italiya. Rundunar Faransa ta kewaye birnin Nafoli, wanda ke hannun Sifen. Ta wajen teku kuwa jiragen yaƙi takwas suka tsare hanya, don kada abinci ya shiga. Jiragen nan na Andiriya Doriya ne, wani mutumin Jenowa wanda Faransa ta ɗauka haya, ɗan'uwansa Filifino ne ke jagorancinsu.

Irin jiragen nan dogaye ne sirara. Bayi da fursunoni ne ke tuƙa su da filafilai, suna ɗaure da sarƙa. Igwoginsu duk a goshi suke, saboda haka wanda aka ɓullo wa ta gefe ya shiga uku.

Da yunwa ta matsa wa birnin, sai Wakilin Sarkin Sifen, Monkada, ya fito da manyan jirage shida da waɗansu ƙanana. Aka haɗu ran 28 ga Afrilu, kusa da Salarno. Filifino ya sa uku daga jiragensa su nausa cikin teku kamar masu gudu, ya tari abokan gaba da biyar. Aka yi ta ba-ta-kashi jirgi manne da jirgi, har ya kwance bayinsa, ya ce in sun yi faɗa sun 'yantu. Ana cikin haka sai jirage ukun nan suka kewayo, suka auka wa mutanen Sifen ta gefe. Aka kashe Monkada, aka kama manyan hafsoshinsa. Biyu kaɗai daga jiragen nan shida suka tsira.

To, amma Sarkin Faransa bai ci amfanin wannan nasara ba. Ya riƙe wa Doriya ladansa, ya kuma ce a miƙa masa manyan da aka kama. Doriya ya fusata, a watan Yuli ya janye jiragensa ya koma wajen Sharlis. Abinci ya shiga Nafoli, annoba kuma ta faɗa sansanin Faransawa, ta kashe har shugabansu Lotarek a watan Agusta. Sauran suka watse, waɗansu suka ba da kai. Garin neman gira sarki ya rasa ido.