Ramin jijiyar muƙamuƙin ƙasa: dalilin da allurar kashe zafi kan ƙi ci

A cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa akwai wani siririn rami a kowane ɓangare, dama da hagu, wanda jijiyar ji da jijiyoyin jini ke bi. Jijiyar reshe ce na ta biyar daga cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa bibbiyu daga ƙwaƙwalwa. Tana shiga ƙashin ta wata kafa da ke bayan turmin ƙarshe, ta ratsa ƙarƙashin saiwoyin turame, sannan ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya wuce haƙoran gaba, ɗayan ya fito ta wata ƙaramar kafa ya watsu a leɓen ƙasa da haɓa. Shi ya sa leɓe ke yin nauyi na sa'o'i bayan an yi allura.

Ƙashin muƙamuƙin sama sakwa-sakwa ne, magani na iya ratsa shi daga dasashi. Na ƙasa kuwa tauri gare shi, don haka dole likita ya kai maganin kusa da kafar da jijiyar ke shiga, wurin da ido ba ya gani. Likitan Amurka William Halsted ne ya fara wannan dabara a 1884 da hodar iblis, kafin a samar da lidoken a Suwidin a 1943. Har yau littattafan koyarwa kan ce allurar tana ƙin ci a kashi 15 zuwa 20 cikin 100.

Dalilan ba ɗaya ba ne. Kafar ba ta zama a wuri guda ga kowa. A wasu mutane ramin ya rabu biyu, a wasu kuma wata jijiya ta daban ce ke kai ji ga turame. Wani dalilin kuma shi ne kumburi: haƙorin da ya daɗe yana ciwo yakan sa jijiya ta yi saurin jin zafi, maganin kuma ya rage ƙarfi. Wannan ya fi shafar mazauna wurare irin Kutemeshi a ƙaramar hukumar Birnin Gwari, inda nisa da matsalar tsaron hanya suka daɗe suna sa mai ciwo ya jinkirta, sai kunci ya kumbura sannan a nufi Kaduna ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Wanda ya ji zafi bayan allura ba ragwanci ya yi ba. Ya faɗa wa likita, domin akwai wasu hanyoyin, ciki har da wadda George Gow-Gates na Ostareliya ya bayyana a 1973, wadda ke kai maganin sama da inda aka saba.

Saiwar turmin ƙarshe kan jingina da ramin, wani lokaci har ta rungume shi, abin da hoton ƙashi kaɗai ke nunawa. Mai cire haƙori a kasuwa ba shi da wannan hoto. Idan aka murƙushe jijiyar, leɓe da haɓa na iya mutuwa na makonni ko watanni, a wasu lokuta ma jin ba ya dawowa.