Gandu

A ƙasar Kafur, idan dattijo ya ce "gandunmu", babbar gonar gida yake nufi, wadda uba da 'ya'yansa maza ke nomawa tare. A nome masara da dawa da auduga, hatsin ya shiga rumbu ɗaya, maigida ya ciyar da kowa, ya yi wa samari aure. Abin da ɗa ya noma wa kansa da yamma kuwa, gayauna ce.

Kalmar tsohuwa ce, kuma tana da ƙamshin sarauta. A da, sarakuna na da gandaye, inda bayi da talakawa ke yi musu noma. Masana tarihi na danganta sunan Gwandu da gandun Kanta, sarkin Kabi. Gandun Albasa ta Kano yau unguwa ce. Da aka fara keɓe dazuzzuka irin su Yankari, sai aka ari kalmar, aka ce gandun daji.

A Faransa akan sa tsohuwar fadar basarake a kasuwa, haɗe da gonakin inabinta. Mu ma rabon gado da tsadar taki na kai gandaye hannun dillalai, abin da ke sosa mini rai. Don Allah, kafin ku sa wa gandu kuɗi, ku fara tuntuɓar dangi.