Katalis: Garin da Aka Ce Ba Ya Canzawa

Duk ɗalibin sakandare da ya yi darasin kimiyyar sinadarai ya haddace cewa katalis abu ne da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi kansa ya canza ba. Masanin Suwidin Berzelius ne ya raɗa wa wannan aiki suna a 1835. Sai dai injiniyoyin matatar mai ta Kaduna, can kan hanyar Kachia a kudancin kogin Kaduna, sun san maganar da sauranta, domin sashen da ke fasa mai mai kauri ya koma fetur an gina shi ne kacokan a kan cewa katalis yana canzawa, kuma cikin ƙiftawar ido.

Wanda ya fara cin karo da matsalar a masana'anta shi ne Bafaranshe Eugene Houdry. A 1937 aka kunna na'urarsa a Amurka, tana ba da fetur mai kyau, amma cikin 'yan mintuna sai kunkunniya ta lulluɓe katalis ɗin, dole a tsayar da mai a hura iska ta ƙone ta. A 1942, a garin Baton Rouge na Amurka, aka samo mafita: a niƙa katalis ya zama gari mai laushi da zai riƙa zagayawa tsakanin tukwane biyu. A ta farko yana haɗuwa da mai a zafin da ya kai digiri 500, ya yi baƙi cikin daƙiƙoƙi. A ta biyu iska ta ƙone baƙin a wajen digiri 700, ya koma bakin aiki. Wannan tsarin ne aka kafa a matatar Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina aka buɗe a 1980 da ƙarfin tace ganga 100,000 a rana.

To amma kunkunniya datti ce kawai a bayan ƙwayar katalis. Abin da ya fi ɗaukar hankali yana faruwa ne a cikin ƙwayar kanta.

A 1954 wasu masana biyu 'yan Holan, Mars da van Krevelen, suka nuna cewa wasu katalis ba 'yan kallo ba ne a lokacin ƙonewa. Daga jikinsu suke ciro oksijin su ba sinadarin da ake ƙonawa, sannan su cike gurbin daga iska, kamar mai ba da rance da safe ya karɓi kuɗinsa da yamma. Cikin masu wannan hali akwai abin da Arewa ta sani sarai: kuza. Baƙin yashin da dubban leburori suka wanke a Jos da Bukuru zamanin Turawa, ƙarfen kuza ne haɗe da oksijin. Idan iskar nan mai guba da ke cikin hayaƙin janareta ta taɓa shi da zafi, sai ta fizgi oksijin daga fatarsa, yadda yake wuce da lantarki ya sauya. A kan haka Naoyoshi Taguchi na Japan ya fitar da na'urar gano yoyon iskar gas kasuwa a 1968.

Yau ana sarrafa kuzar zuwa ƙwayoyin da ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Ƙanƙantarsu ce ƙarfinsu, don kaso mai yawa na jikinsu fata ne da ke fuskantar iska. Ita ce kuma rauninsu. Madubin lantarki na zamani yana ba masana damar kallonsu suna tsakiyar aiki, kuma abin da ake gani shi ne ƙwayoyin suna rasa oksijin suna maidowa, fuskarsu tana sake tsari, in zafi ya yi yawa su manne da juna su zama manya, aikinsu ya ragu.

Abin takaici, wannan ilimi ne da ake ƙwarewa a kansa a gaban na'ura mai aiki, ga shi matatar Kaduna ta shafe shekaru ba ta tace mai. A Fabrairun 2023 kamfanin NNPC ya sa hannu da Daewoo na Koriya ta Kudu kan kwangilar gyaranta ta kimanin dala miliyan 740.