Faci

faci suna, namiji. 1. Guntun roba da ake liƙawa a kan hudar tif ɗin keke ko babur. 2. Aikin liƙawar kansa: *Tayar baya ta sace, sai an yi faci.* Mai faci: wanda sana'arsa ke nan. Kayan faci: sholisho, sandifefa, famfo da ƙarafa biyu na ɓanɓare taya. Mai saye don gida ya matsa kwalin sholisho tukuna, domin wanda ya daɗe a shago yakan bushe. Ana gano hudar da kumfa cikin ruwa, a kankare wurin, a shafa sholisho, a bari ya sha iska. Masu gaggawa kan liƙa facin da danshi, shi ya sa facinsu ba ya kwana.