Lalle: Shukar Iyakar Gona da Bayan Ɗaki

A ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Bichi, ba a saba dasa abu don ado kaɗai ba. Mutane sun yi yawa, fili ya yi kaɗan, duk abin da aka ba wuri sai ya yi amfani. Lalle ya samu wuri biyu: gona da gida.

Tun a 1851 Heinrich Barth ya yaba albarkar karkarar Kano. A shekarun 1960 kuma masani Michael Mortimore ya bayyana sirrinta: gonakin nan ba sa hutawa, kowace damina ana noma su, taki ke riƙe da su, a lokacin har daga birni jakuna ke ɗauko shi. Gonar da ake gado kaka da kakanni dole a san iyakarta, shi ya sa magabata suka jera lalle da aguwa da cini-da-zugu a gefenta. A girbe gero da dawa, lalle na nan tsaye yana shaidar inda gonar wane ta ƙare.

A cikin gida kuwa lalle na mata ne. Kakata, Allah ya jiƙanta, da farkon damina take karɓo reshe mai kaurin yatsa daga maƙwabta, ta soka shi a bayan ɗaki inda ruwan alwala ke gangara, ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Takan ce mini, "'Yar nan, idan ya kama, rage masa ruwa, ki yawaita yanka, a nan ganye yake." Da hunturu ya kaɗe, da zafi ya toho. A shanya ganyen a inuwa, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa, a zura hannu a zunguru har ya kama. Da shi ake kamun amarya, da shi ake kwalliyar Sallah, ragowar kuma a auna a kasuwa.

Turawa ma suna da irin wannan al'ada ta karɓar dashe daga maƙwabta. A 1892 wani jami'in Jamus ya ga ƙaramin fure a tsaunukan Usambara na Tanzaniya, ya aika irinsa gida. Yau yana tagogin gidajen Turai da Amurka, da ganye ɗaya ake haifar da sabo, maƙwabciya ta ba maƙwabciya. Su sun riƙe nasu.

Mu kuwa siminti ya rufe tsakar gida, bulo ya maye gurbin danga, garin lalle ya koma na leda, dayis da zanen fulawa sun ture zunguru. Ban ƙi sabon zane ba, yana da kyau. Abin da ke damuna shi ne yarinyar da ta iya zana lalle amma ba ta san ganyensa ba. Dattawan da suka iya dashe suna nan da ransu. Duk mai ɗan fili a bayan ɗaki, ta je ta roƙi reshe kafin damina ta yi nisa.